Yadda ake gane yanayin teku daga lakar ƙasansa

Ka tambaya yadda masana ke duba lakar ƙasan teku su gane halin da ruwa ke ciki. To, ba lakar ce abin dubawa ba, ɓawon foraminifera ne da ke cikinta. Ƙananan halittu ne, yawancinsu ba su kai milimita 1 ba, kuma da yawansu da sinadarin alli suke gina ɓawonsu. Ana wanke lakar a rariya mai ƙananan ramuka, a busar, sannan a tsince su ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Aiki ne mai cin ido.

A tekunan yankuna masu zafi, irin da ya fi yawa shi ke ba da labari. In foraminifera mai suna Amphistegina ta yi yawa, ruwan garau ne, domin tana zama da gansakuka a jikinta, ita kuwa sai da hasken rana. In kuwa foraminifera mai suna Ammonia ta mamaye wuri, galibi ƙazanta ta shigo ko iskar oksijin ta ragu. Zafin ruwa kuma, yawan sinadarin maganiziyam a ɓawon ke nuna shi: ruwa mai ɗumi, maganiziyam mai yawa.