Ga 'yar uwar da ke son mayar da fayil ɗin SPSS zuwa Stata

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan a karatuna na digiri na biyu. Kin ce bayananki suna cikin .sav, wato fayil ɗin manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS, malamin da ke duba aikinki kuma Stata yake amfani da ita, wata manhajar irinta, kin bi ta Excel sai duk sunayen amsoshi suka ɓace, kika ga 1, 2, 3 kawai, kuma an ce miki akwai manhajar da ake buga wa umarni ta juya. Akwai. Amma tun yanzu ki ajiye wancan da kika fitar ta Excel a gefe, ki koma kan .sav na asali. Allah ya sa ba ki goge shi ba.

Ni wani na ba wa aikin, cikin masu shagon kwamfuta na bakin makaranta da ke kiran kansu masu nazarin alƙaluma. Na biya shi kuɗin da na ranto, ya ce in dawo gobe. Ashe abin da ya yi shi ne ya fitar da fayil ɗin zuwa CSV, wato fayil na rubutu zalla, ya buɗe a Excel, ya zuba a Stata, shi ke nan. A takardar tambayoyina, macen da ta ce ba ta sani ba ana rubuta mata 98, wadda ta ƙi amsawa 99. SPSS ta san waɗannan ba amsoshi ba ne, don an ayyana su a matsayin gurbi, wato wurin da babu amsa, tana tsallake su a lissafi. CSV ba ya ɗauke da wannan bayanin ko kaɗan, lambobi ne zalla da waƙafi a tsakani. Sai Stata ta ɗauka akwai matan da suka haifi 'ya'ya 99.

Ranar gabatar da aiki a gaban malaman sashe, ina tsaye ina bayani da ƙwarin gwiwa, sai wani farfesa ya cire gilashinsa ya ce, "Malama, matan wane gari ne waɗannan da matsakaicin haihuwarsu ya wuce ashirin?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Har waɗanda muka kwana muna karatu tare. Malamina bai ɗago kai ba, yana ta juya biro. Ban san yadda na ƙarasa ba, na dai tuna na shiga banɗaki na yi kuka mai isata kafin in iya fitowa in nemi Keke. Da na koma wajen mutumin nan, ko a jikinsa. Wai bayanaina ne ba su da tsabta, wai in ƙara kuɗi ya gyara. Kuɗina bai dawo ba har yau, kuma na ji yana nan yana yi wa wasu ɗalibai. Na bar shi da Allah. Har yanzu in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci.

To, abin da ya cece ni sunansa ReadStat. Kyauta ce, wani mai suna Evan Miller ya rubuta ta, kuma ita ce a ƙarƙashin haven na R da pyreadstat na Python, kayan da masu rubuta manhaja ke karanta irin waɗannan fayiloli da su, saboda haka ba abin wasa ba ce. In Ubuntu gare ki, wato wani nau'in Linux, ki buɗe terminal, tagar da ake buga umarni, ki buga sudo apt install readstat. A Mac kuma brew install readstat. In Windows ce, hanyar da ta fi min sauƙi ita ce in kunna WSL, abin da ke barin Linux ya yi aiki a cikin Windows, in sa Ubuntu a ciki. Daga nan ki shiga foldar da fayil ɗin yake, ki buga:

readstat bayanai.sav bayanai.dta

Iyakarta ke nan. Daga ƙarshen sunan take gane nau'in da kike so. Kafin ma ki juya, ki buga readstat bayanai.sav shi kaɗai, za ta nuna miki yawan layuka da yawan ginshiƙai da tsarin haruffan da aka adana shi da su. Ki rubuta lambobin nan a takarda, don ki gwada da abin da Stata za ta nuna miki in kin buga describe. In sunan fayil ɗin yana da tazara a tsakiya, ki canza shi ko ki sa shi cikin alamar zance, wannan ƙaramin abu yana sa mutane su ɗauka manhajar ce ta lalace.

Af, wace Stata ce ma a wajen malamin naki? Ki tambaye shi tukuna. In 16 ce ko sama da haka, wato daga ta 2019, tana da import spss a cikinta, ba ki buƙatar komai. Amma yawancin malamanmu tsofaffi suke riƙe da su, wani 12, wani 13, kuma ba ka isa ka ce masa ya sabunta ba. Nan wata matsalar take. Sai daga Stata 14 ta 2015 aka fara karɓar Unicode, tsarin haruffan da ke ɗauke da irin su ƙ da ɗ da ɓ. In akwai amsoshin da aka rubuta da Hausa, irin su ƙauye, ɗinki, ɓarin ciki, tsohuwar Stata za ta mayar da ƙ da ɗ da ɓ wasu alamomi marasa kan gado. Kuma tsohuwa ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa, sai an sami mai sabuwar ya adana miki da saveold. Excel ma haka take ɓata haruffan nan in kin danna CSV sau biyu kai tsaye. Ga cinye sifilin farko: lambar gida 007 ta koma 7, lambar waya ta rasa sifilinta, in kika zo haɗa fayil biyu da lambar shaida sai su ƙi haɗuwa.

Don Allah kada ki ce tunda an juya kai tsaye an gama. Ki buɗe a Stata, ki buga codebook, ki bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Yadda SPSS ke riƙe gurbi daban, yadda Stata ke riƙewa daban: Stata ɗigo take sawa, ko .a zuwa .z in ana son bambanta dalili. Saboda haka ki buga summarize ki kalli lamba mafi girma a kowane ginshiƙi. In kin ga 98 ko 99 a inda bai kamata ba, umarnin mvdecode ke gyarawa, ya mayar da su gurbi. Amma ki zaɓi ginshiƙan da hannunki, kada ki ce duka, don tsohuwa mai shekara 98 tana iya kasancewa da gaske, kuma kuɗin cefane na naira 99 ba laifi ba ne. Da mutumin nan ya buga summarize sau ɗaya tak, da ya gani. Minti ɗaya! Amma ina, yana can yana kallon ƙwallo a waya.

Kwanan wata ma ki duba. SPSS daƙiƙoƙi take ƙirgawa tun daga 14 ga Oktoba 1582, Stata kuma kwanaki take ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1960. In kika ga ranar hira ta fito da lamba biliyan 13 da ɗoriya, kada ki tsorata, ba ta lalace ba. Ki raba da 86400, ki cire 137775, ki sa mata format %td don ta fito a matsayin kwanan wata. Ki ɗauki takardun tambaya biyu ko uku na hannu ki gwada ki ga ranar ta yi daidai. Sannan sunan ginshiƙi a Stata ba ya wuce harafi 32, bayaninsa ba ya wuce 80, alhali SPSS tana barin fiye da haka. Masu fitar da bayanai daga KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi da waya, su suka fi shan wannan, don sunayen suna zuwa da tsawo. In juyawar ta ƙi, ko tambayoyin suka zo a gutsure, nan za ki fara dubawa.

Kin ce lasisin SPSS ɗinki ya ƙare. Ki sauke PSPP, kyauta ce, tana buɗe .sav ki ga komai, har ki gajarta sunayen a can kafin ki juya. Tana zuwa da pspp-convert, wadda ke fitar da CSV, kuma in kin ƙara --labels za ta rubuta namiji da mace maimakon 1 da 2. Ba ta fitar da .dta dai. Akwai kuma Stat/Transfer, tana da kyau ƙwarai, amma da dala ake saye, ni ban ga dalilin da ɗaliba za ta kashe wannan kuɗin kan fayil ɗaya ba.

Ga masu aiki da bayanan NDHS, wato binciken al'umma da lafiya na Najeriya, da na ga suna tambaya a nan kwanaki, ku ba ku da wannan wahalar ma. Shafin DHS, shirin da ke shirya binciken, yana bayar da su a nau'in Stata da SPSS da SAS (ita ma manhajar alƙaluma ce), ku sauke wanda kuke so kawai. Na ga wani yana juya na SPSS zuwa Stata da kansa, abin ya ba ni tausayi. In kuma SAS aka ba ku, ku tuna sunayen amsoshi suna cikin wani fayil dabam mai ƙarewa da .sas7bcat, ku roƙi shi ma, ku sa shi tsakanin sunayen fayil biyun a umarnin readstat.

Ki ajiye kwafin .sav ɗin a wuri biyu, filashi da imel ɗinki, ki rubuta umarnin da kika buga a wani ɗan fayil, don malami zai ce a sake bayan wata uku kin manta. Kuma kada ki tura wa kowa bayanan da sunayen mutane da lambobin wayarsu a ciki, ko ni. In ta ƙi, ki ɗauki hoton saƙon da ta nuna ki sa a nan, da dare nake samun sarari bayan yara sun kwanta. Allah ya ba da sa'a.