Ƙanwar mijina ta buɗe wa ɗiyata ido

Salamu alaikum Tanti. Daga Tawa nake rubuto miki, raina a ɓace. Ƙanwar maigidana, ungozoma ce a gidan likita, ta zo gidana ta ja ɗiyata ɗaki ta zayyane mata maganar haila da yadda mace ke ɗaukar ciki. Ba ta tambaye ni ba, ba ta kira ubanta da ke Abijan ba. Yarinya ƴar shekara 13, aji biyu a kolej, me ta sani? Ni da na haife ta ko sunanta ba na faɗa, sai wata ta zo ta cika mata kunne da maganar manya? Da na nuna ɓacin rai sai ta ce wai taimakona ta yi. Taimako! Mu "kul kika bari namiji ya taɓa ki" kawai aka ce mana, ga mu mun yi aure lafiya. Kuma yarinyar nan ba ta yawo, daga lakwal sai gida, can ɗin ma wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu ke kai ta ya maido ta, ko dala ba ya amsa, Allah ya saka masa. Uwar mijina kuma ta goyi bayan ɗiyarta, dama ya za a yi? A gidana fa, Tanti, ba da izinina ba. In hana ta shigowa, ko in jira maigida ya zo da Salla?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ba na shiga tsakanin dangi, kuma gaskiya da gwaggon ta shawarce ki tukuna da ya fi. Amma ki ajiye wannan. Wane ne ɗan kabu-kabun nan? Shekarunsa nawa? Man fetur kuɗi ne, mutumin da ke neman na cefane da babur ba ya ƙona shi safe da rana a banza. Ban ce mugu ba ne. Na ce daga gobe ki riƙa biyansa da hannunki, ko ki haɗa ta da ƴan ajinsu su tafi tare. Sannan a tambaye ta cikin raha, ba da tsawa ba: ko yana tsayawa da ita a hanya, ko ya taɓa ba ta kuɗi, turare ko lambar salula, ko ya ce kada ta faɗa a gida. Yarinyar da aka daka wa tsawa ba ta sake buɗe baki.

Abin da gwaggo ta faɗa mata kuwa ya zo kan lokaci, in ma bai makara ba. Ƙirgen dangi na farawa tsakanin shekara 8 da 13, haila ta biyo baya da kamar shekara biyu. Ƙwai na iya fita kafin jinin farko, don haka yarinya na iya ɗaukar ciki ba ta taɓa ganin haila ba, kuma a karo ɗaya tak. Lissafin kwanaki da ƙawaye ke koya wa juna a lakwal ba ya aiki, domin al'ada ba ta daidaita a shekarun farko, maniyyi kuma yana rayuwa har kwana 5 a jikin mace. "Kada namiji ya taɓa ki" ba ya koya mata ko ɗaya. Wata ma sai ta ɗauka gaisawa da hannu ke kawo ciki, ranar da ta gano ƙarya ne ta watsar da sauran maganarki duka.

Kame kai koyar da shi ake yi, daki-daki. Aya ta 32 a Suratul Isra'i cewa ta yi kada a kusanci zina, to a nuna mata hanyoyin kusantar: keɓewa da namiji a ɗaki ko shago, amsar kyautar da ba za ta iya nuna wa uwarta ba, hirar salula bayan isha'i. A ba ta kalmomin da za ta faɗa, ta maimaita da bakinta har su zauna: "A'a, ba na so, zan gaya wa innata." A tabbatar mata in wani ya taɓa ta, ko malami ne ko ɗan'uwa, laifinsa ne, kuma ba za a doke ta don ta faɗa ba. Ba zama ɗaya ba ne. Minti goma ana tsintar shinkafa, a sake bayan wata guda.

Ku kuma iyayen maza, da ku nake. Ɗanku ya fara mafarki, ba wanda ya koya masa wankan janaba, yana fada har tsakar dare ana shan shayi ana kallon abin da ke cikin salula, amma ɗiyar maƙwabta kaɗai kuke sa wa ido. Hadisi ya ce a raba wa yara shimfiɗa a shekara 10. Gida nawa ake yi? Uba ko kawu ya zaunar da yaro ya gaya masa ciki na mutum biyu ne.

Kunyar ɗan fari ba za ta bar ki ki yi wannan magana ba, na sani. A al'ada ma gwaggo aka ba aikin. Ki aika mata goro, ki ce ta dawo, kuma ita za ta yi wa yarinyar tambayoyin ɗan kabu-kabun cikin satin nan, ba sai Salla ba.