Amsar Gwaggo a Kan Wankan Jego

Ɗiyata, na ga saƙonki tun daren jiya, ban so in amsa miki a tsaitsaye ba ne. Kin ce cikinki ya shiga wata takwas, likitarki a Abuja ta hana ki kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa saboda jininki ya ɗan hau, ita kuma uwar mijinki ta ce macen da ba ta gasu ba ɗanya ce har abada. Kina tambayar wa za ki bi, kuma me ya kawo al'adar tun farko.

Ina da shekara tara aka haifi babanki a gidanmu na Gangare. Inna ta yi naƙudarta ita kaɗai a ƙuryar ɗaki, ko tari ba mu ji ba, sai da yaro ya faɗo aka aika kiran ungozoma. Aikin ungozoma a lokacin ke nan: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta riƙa gasa cibin da tsingaro mai ɗumi har ya faɗi. Kullum da asuba ni ake tasa in hura wuta ƙarƙashin rabin duro. Kin san sanyin Jos da hunturu, yatsuna har ƙagewa suke yi. Ruwa na tafarfasa, a tsoma damin ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa Inna a baya da ciki, tururi ya turnuƙe makewayi, ta fito jikinta ja wur. Kafin ta zauna an miƙo mata ƙwaryar kunun kanwa, da rana ga farfesun ƙafar saniya da yaji. Haka har kwana arba'in.

Dalilinsu shi ne haihuwa na buɗe jikin mace, sanyi ya sami ƙofa, kuma sanyi ke kawo kumburi da ciwon gaɓoɓi. Don haka a kore shi da wuta daga waje, a kore shi da kanwa daga ciki, nono kuma ya kawo. Ba mugunta ba ce, wallahi. Matan nan sun binne 'yan'uwansu da yawa a kan gwiwa, da abin da suka sani suke yaƙi.

Sai da na shiga aikin jinya na fahimci inda gizo ke saƙar. A shekarun 1970 wasu likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun lura ana yawan kawo musu masu jego makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, zuciya ta gaza. Abin ya fi tsanani da damina. Suka danganta shi da kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ta ɗora wa zuciyar da ta sha wahalar wata tara kayan da ya fi ƙarfinta. Abin da ke ci mini rai har yau, idan mai jego ta fara kumbura sai tsofaffi su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa, a ƙara itace. Ke da jininki ya riga ya hau, kada ƙwaryar nan ta kusanci bakinki. Ban haɗa wannan da kunyar kowa ba.

Asibiti kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An buɗe na mishan a Vom tun 1922, na Jankwano a nan Jos kuma a 1959. Iyayenmu ne ke gudunsu, wasu don likita namiji ne, wasu don an ce duk wadda aka kai sai an tsaga ta. Ga kuma kunya, wadda ta fi komai cin rai: 'yar fari ba ta kuka, ba ta cewa ta gaji. Ba na manta wata yarinya da aka kawo mana cikin dare a bayan a-kori-kura, kwananta uku a durƙushe, an yi mata yankan gishiri, leɓenta duk ya fashe don cizo. Ɗan ya riga ya koma. Ita ta rayu, amma da yoyon fitsari ta bar wurinmu. Irinta ne suka sa aka buɗe sashen gyaran masu yoyon fitsari a Jankwano a 1992. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya yi kan haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979 ya nuna abin da mu ma muke gani a ɗakin haihuwa, cewa waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba.

Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka matsa wajen kai ƙananan asibitoci cikin unguwanni. Mun zauna da ungozomomi a kan tabarma muna koya musu wanke hannu da sabulu, sabuwar reza ga kowane jariri, da sanin lokacin da za su ce a tafi asibiti. Da yawansu sun fi mu sanin halin mace mai naƙuda, kuma sun karɓa. Allurar tetanas ga masu ciki ta rage jariran da ke sandarewa su kasa kama nono. Dakashi ma da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, yanzu shi muke cewa a fara ba jariri.

To amma kada ki ɗauka jego duka shara ne. Kwana arba'in ɗin nan da mace ba ta daka, ba ta ɗibar ruwa, ga mai dafa mata, ga mai karɓar yaro ta runtsa, ga tsohuwar da za ta lura in jini ya ƙi tsayawa ko ta ga mai jego ta yi shiru da yawa, wannan kam ina baƙin cikin yadda yake ɓacewa. Na ga 'yan'uwanki a Abuja, kwana biyu da sallama daga asibiti suna tsaye a kicin su kaɗai. Ki yi wankanki safe da yamma da ruwa mai ɗumi wanda hannunki zai jure, a sa ganyen in Hajiya uwar mijinki na so. Ki sha kunun gyaɗa da na tsamiya, ki ci namanki, a dai rage gishiri. Cibi a shafa masa maganin da za su ba ki kawai, kuma kada a kira wanzami cire beli.

Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita, tsoron rasa ki ne ke sa ta magana. Ki sa maigidanki ya tafi da ita awon da za ki je nan gaba, ta ji daga bakin likita, ta ga abin awon jinin da idonta. Ni ma zan kira ta mu yi magana irin tamu ta manya. In kin ji ciwon kai mai tsanani, ko idonki na ganin hazo, ko fuska ta kumbura, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, don jijjiga ba ta sallama.

Na riga na sa a daka miki yaji, daddawa ma na aika a sayo. Ki turo mini ranar da suka ba ki, in sha Allahu zan shigo mota kafin nan da mako biyu, kuma sai kin yi arba'in zan dawo Jos.