Amsoshin Tambayoyinku: Maganin kaji na intanet, nonon talla da batun hulba

Wani mai kiwon kaji daga Daura ya rubuto: "Malam, ina da kajin gidan gona a hanyar Zango. Kuɗin antibayotik ya ishe ni, likitan dabbobi kuma kullum faɗa yake yi mini a kan yawan ba su. Na ga talla a Facebook ta wani ruwan magani, wai ƙwayoyin bairos ne masu cinye Salmonela, ana zuba shi a ruwan shan kaji. Mai tallar ya ce in tura kuɗi a aiko mini a mota. In saya?"

Alhaji, ƙwayoyin da ake magana akwai su, ana kiran su fej. Bairos ne da ba ruwansu da mutum ko kaza, bakteriya kawai suke shiga, irin su Salmonelar da ka ambata. Frederick Twort ya fara ganin aikinsu a Ingila a 1915, Félix d'Hérelle ya sake gano su a Faris a 1917, kuma tun 1923 akwai cibiyar Eliava a birnin Tibilisi na ƙasar Jojiya da ke magani da su. A 2006 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa fesa wani haɗin fej a kan naman da ake sayarwa a dafe, don kashe wata bakteriya mai suna Listeriya.

Sai dai fej iri biyu ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Akwai wanda da ya shiga bakteriya zai hayayyafa, ya fasa ta, ya fito. Shi ake so. Akwai kuma wanda zai shiga ya liƙa ƙwayoyin gadonsa a jikin na bakteriyar ya kwanta luf, duk 'ya'yan da ta haifa su tashi da shi. Wannan na biyun ba ya zuwa hannu rabbana, yakan zo da tsaraba. A 1952 Norton Zinder da Joshua Lederberg suka nuna cewa fej na iya kwaso halin wata Salmonela ya kai wa wata, kuma a jikin Salmonelar da kake son kashewa aka fara ganin haka. Tsarabar na iya zama dafi, tana iya zama halin bijire wa magani.

Su kansu fej ɗin suna musaya a tsakaninsu. Idan biyu suka haɗu a cikin bakteriya guda, ko sabon shiga ya tarar da wanda ya daɗe a kwance, guntayen gadonsu kan cakuɗe, kamar bakaniken da ya kwance babura biyu a rumfa ɗaya, ya tashi ɗaurawa ya sa wa wannan kafiretan wancan. Abin da zai fito yana iya kama irin bakteriyar da iyayensa ba sa kamawa, ko ya fito da tsarabar da ba shi da ita a da. Shi ya sa kamfanonin kirki sai sun karance gadon kowane fej kaf, sun tabbatar mai fasawa ne kuma ba ya ɗauke da dafi, kafin ya shiga kwalba.

To mai tallar nan, me ya nuna maka? Ka tambaye shi sunan kamfanin da lambar NAFDAC, ka kuma bincika lambar da kanka. Ka tambaye shi wace Salmonela yake kashewa, domin ire-irenta sun haura 2,500, kuma kowane fej da waɗanda yake iya kamawa. Wadda ke kashe maka kaji daban, wadda ke laɓewa cikin ƙwai ta kwantar da mai ci daban. Sannan irin wannan kaya sanyi yake so. Kwalbar da ta wuni a bayan mota cikin zafin bazarar Daura, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a ciki. In kuma kana sa kulorin a ruwan kajin, shi ma zai kashe fej ɗin.

Ni dai a ganina kada ka tura ko sisi. Kuɗin nan ka kai su ga 'yan tsaki daga wurin ƙyanƙyasar da aka sani, da maganin ɓera, da canza dusar katako a kan kari, da ruwan tsoma ƙafa a bakin ɗakin kaji. In wata rana kayan ya shigo ta hannun likitan dabbobinka da rajista, sai a gwada a ɗaki guda tukuna.

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ta ce: "Yarona ɗan shekara huɗu ya sha fura da nono, bayan kwana uku ya fara gudawa da jini. Maƙwabciyata ta ce in sayo masa sifro a kemis. Kuma don gaba, wane nono ya kamata in riƙa saye?"

Hajiya, gudawa da jini a jikin yaro ta asibiti ce, ba ta kemis ba. Maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, likitoci na ba da sifro, wanda antibayotik ne, a kan atunin da bakteriyar Shigela ke kawowa. Amma akwai wata bakteriya daga dangin Ikolai da ke zaune a hanjin shanu ba ta yi musu komai, wadda ake kira O157:H7. Dafinta ba nata ba ne na asali, fej ne irin mai kwanciyar nan ya kawo mata. Sifro da danginsa suna razana bakteriyar, fej ɗin ya farka ya hau hayayyafa, dafin ya ƙaru. Dafin nan ƙoda yake nufa, yara ƙanana kuma ya fi yi wa illa. Tsakanin ƙarshen 1992 da farkon 1993 ya kashe yara huɗu a Amurka ta hanyar niƙaƙƙen naman da bai gasu ba. Ke da mai kemis ba za ku iya bambance waɗannan biyun da ido ba.

Abin da za ki saya shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinki, ki riƙa ba shi kuna hanya. Kada ki ba shi maganin tsayar da gudawa. Ko ya samu sauƙi, ki sa ido mako guda zuwa biyu: in fitsari ya ragu, ko fuska ta kumbura, ko ya ɗashe ya yi fari, ku koma a ranar.

Batun nono kuwa, ki samu mai nono guda ki riƙe ta, ki tambaye ta kai tsaye ko tana dafa madarar kafin ta kwantar da ita. Kindirmo galibi da dafaffiyar madara ake yin sa, shi ya sa na fi natsuwa da shi. Tsami kaɗai ba kariya ba ne, wannan Ikolai tana jure masa. Sau da yawa ma laifin ba na madarar ba ne, na ruwan da aka sirka ne, ko ƙanƙarar da aka jefa ciki. Kwalara ma da ke addabarmu da damina, a 1996 aka gano dafinta tsarabar fej ne. Ki sayo nonon, ki dama furar a gida da ruwan da kika yarda da shi.

Wata mai shayarwa ta tambaya: "An ce hulba ta taɓa kashe mutane a Turai. In daina saye?"

'Yar uwa, ya faru a Jamus a 2011. Mutane kusan 4,000 suka kwanta, sama da 50 suka rasu. Da farko kokwambar Sifen aka ɗora wa laifi, manoman can suka yi asara a banza, daga baya aka gano tsiron hulba ne, irin kuma daga Masar aka shigo da shi. Wata Ikolai ce mai liƙe wa hanji ta samu fej mai dafi, ta haɗa sharri biyu. Amma su jiƙa irin suke yi ya tsira cikin ɗumi da laima, su ci ɗanye a kan salak, yanayin da bakteriya ke so ke nan. Ke da kike tafasa taki babu wannan fargabar. Ki sayi busasshiya mara warin fumfuna, ki wanke, ki bari ta tafaso sosai, abin da ya rage kuma kada ya kwana a waje a sha shi da safe ba a sake tafasawa ba.