Amsa: Akwatin sa'a a wasan waya na Free Fire, sau ɗari ya isa?

Malam, ka ce yaronka ya rantse in ya buɗa akwatin sa'a da ake saye cikin wasan sau 100 dole bindigar da yake nema ta fito, tunda an rubuta kashi 1 cikin 100. Ba haka lissafin yake ba. Kowane buɗi sabo ne, akwatin bai san jaka nawa aka zuba jiya ba. Cikin mutum 100 da suka buɗa sau 100, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Shi ya sa ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan akwatin caca tun 2018.

Shiga saitin Play Store, ka sa a riƙa neman lambar sirri kafin kowane saye. Amma nan Damagaram yara kan kai kuɗi hannu wurin masu sayar da diamond, wato kuɗin cikin wasan, don haka sa ido kan kuɗin kashewarsa ma.