Amsa ga ƙanwarmu kan sa wa kek da donat kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Na saurari tambayar ƙanwarmu da ta ce ta fara kek da donat a gida, kaya suna ƙarewa tas, amma in ta koma sayen kayan haɗi sai kuɗin su ƙi kai. To ƙanwata, saurare ni da kyau, don abin nan ya taɓa ni.

Yawanci abin da ke jawo haka, mutum ya leƙa farashin wata ne ya ɗora nasa a kai. Alhali ita wataƙila buhu take sara, ke kuma awo kike yi. Ai ba za ku zo ɗaya ba.

Ki ɗauki kwabi ɗaya tak, ki zauna da biro da takarda. Fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara, yis, mai, ki auna kowanne a sikeli ki rubuta kuɗinsa. Kuma da farashin yau za ki lissafa, ba na ranar da kika saya ba, tunda da na yau za ki sake saye. Sai ƙananan nan da ke cinye jari a ɓoye: gas ko wuta, leda, kwali, kuɗin mota, katin da kike kiran masu oda. Har man da kika soya da shi ya yi baƙi kika zubar, kuɗi ne.

To in kin haɗa, ga inda ake zamewa. A ce kwabin ya ba ki guda 40, 3 sun ƙone, 2 an ɗanɗana. Da 35 za ki raba, kin gane? Su ne za su kawo kuɗi.

Sannan wahalarki. Wallahi wannan ya fi damuna. Kin tashi tun asuba, kin murza, kin tsaya kan wuta har bayanki ya riƙe, ga wanke-wanke na jiranki, sai ki ce aikinki kyauta ne don a gida kike? A'a. Ki tambayi kanki, da wata za ki ɗauka ta yi miki awannin nan, nawa za ki ba ta? Ki sa shi cikin lissafi. Wannan ladan aiki ne, riba daban take, a samansa ake ɗora ta. Kuma ki lura, in kin kashe 100 kika sayar 125, ribarki kashi 20 ce cikin 100 na cinikin, ba 25 ba.

Mai saye ma yana da haƙƙi fa. In kaya sun tashi, ki faɗa masa kin ƙara kuɗi, kar ki rage girma ko bota a ɓoye. Masu cewa a rage musu don zumunci kuwa, in kin ga dama ki ba su kyauta, amma farashi ya tsaya inda yake.

Ki yi lissafin kwabi ɗayan nan ki turo mini ta gefe, mu duba tare in sha Allah.