Kashin tsutsa ba ya shiga tukunyar fure ɗanye

Ɗana, ka tambaye ni ko kashin tsutsar baƙin ƙuda, wadda masu kiwon kaji da kifi suke renonta yanzu, zai iya maye gurbin takin zamani a tukwanen furanninmu. Zai iya, domin tsutsar tana cin ragowar abinci da dusa ta mayar da su taki mai ƙarfi, amma idan ka zuba shi ɗanye, to ka kashe shukarka da hannunka.

Wani attajiri da ya gina gida a unguwar Kwara Kano ta birnin Yamai ya taɓa zuwa lambuna a bakin gulbi, ya zaɓi mafi kyawun furannin bugambiliye da kariya da na rena tun suna yanke, ya ce a jera masa su daga ƙofa har baranda, kuɗi kuma sai an gama tarewa. Na yarda saboda girman rawaninsa. Ashe wani ya ba shi buhun kashin tsutsa da aka tankaɗe a ranar, yana da danshi, yana warin fitsari, shi kuwa ya sa maigadinsa ya cika bakin kowace tukunya da shi, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40. Da aka kira ni, gefen ganye duk ya ƙone, na tumɓuke guda ɗaya na ga saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Mutumin nan ya dubi idona a gaban yaransa ya ce shuka mai ciwo na sayar masa. Ko dala bai biya ni ba, tukwanen ma ya riƙe, kuma har yau idan na bi ta layin raina ɓaci yake.

Dalili shi ne tukunya ba gona ba ce. A gona ruwan sama yana wanke gishirin taki ya tafi da shi, a tukunya kuwa yakan taru ne a kan saiwa. Saboda haka ka tara kashin a inuwa, kana yayyafa ruwa kana juyawa na makonni, har zafinsa ya mutu, warin ya koma ƙamshin ƙasa. Sannan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar tukunya ya isa, kariya kuwa ko hakan ya yi mata yawa, domin tsiron fako ce. Haɗa ƙasa da huda gindin tukunya ba zan koya maka ba.

Ku yaran yanzu kuna ganin abu a waya da safe, kuna so ya yi fure da yamma. Kafin ka taɓa tukunyar mai saye, shuka ƴan ƙwayoyin tumatir a haɗin cikin gwangwani, idan suka tsiro kore shar, sai ka zo ka nuna mini.